Ranar da Kakaki Derahman Ya Miƙe Tsaye

Pak Su, Allah ya karɓi ranka da safiyar Laraba, sha ɗaya ga watan Rajab, jim kaɗan bayan ka idar da sallar asuba. Mak Su ta ce ta shiga kicin ta ɗora ruwan shayi, ta dawo ta tarar ka jingina kai da bango, carbi a cinyarka. Ta zaci gyangyaɗi ne, har ta rage muryar rediyo don kada ya tashe ka. Ni kuwa labarin ya same ni a bakin titi, ina jiran motar da za ta kai ni aiki. Ɗanka Fauzi ne ya kira, kuma kafin ya gama sallama na gane daga muryarsa. Na Allah ne mu, gare Shi kuma za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Motar ta zo ta wuce ina nan tsaye.

Ga wanda bai san shi ba, ina magana ne a kan Haji Derahman bin Che Soh, mutumin ƙauyen Kampung Paya Tembusu, tsohon kakakin majalisar dokokin jiharmu. Shi ne autan su mahaifina, shi ya sa muke ce masa Pak Su, wato ƙaramin baba, matarsa Hajah Sepiah kuma Mak Su. Sunana Kalsom. Na daɗe ina aiki a wannan majalisa, a ɗan teburin da ke ƙasan kujerar kakaki, ina rubuta duk abin da aka faɗa a zauren. Na saba rubuta maganar wasu, ban saba da tawa ba, don haka a yi mini haƙuri. Malaminmu na Alƙur'ani a makarantar kwana ta addini da muke kira pondok ya sha ja mana kunne cewa kada mutum ya ba da shaida sai a kan abin da idonsa ya gani. Da wannan zan yi ƙoƙarin tafiya.

Pak Su, kai ka kai ni pondok ɗin nan a bayan babur ɗinka a shekarar da mahaifinmu ya rasu, da tabarmata da 'yar tukunyata ɗaure a baya. Na yi ta kuka a hanya, ba ka ce mini in yi shiru ba. Sai da muka tsaya a wata rumfa ka saya mini soyayyiyar ayaba, ka jira na cinye, sannan ka kira ni da sunan gida ka ce, "Mek Som, in kin gama, akwai sauran hanya." Tun daga ranar kusan duk Juma'a sai na ga babur ɗinka a bakin ƙofa, da ƙunshin busasshen kifi da kwalbar budu, romon kifi mai gishiri, daga Mak Su. Kai ka koya wa yayata Esah tsagar bishiyar roba don tatsar ƙaronta lokacin da mijinta ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Na tuna kana riƙe da hannunta a jikin bishiya kana ce mata ta sassauta, ɓawo kawai ake sharewa, in wuƙa ta taɓa itace bishiyar za ta yi tabon da ba ya gogewa.

Ko bayan ka zama ɗan majalisa, har ka hau kujerar kakaki, ba ka fasa komawa gida duk ƙarshen mako ba. Za ka tuɓe baƙar hula da kwat, ka ɗaura zane, ka zauna a matakalar gida da dutsen washi da ƙoƙon ruwa. Zawarawa da tsofaffin ƙauye su riƙa kawo maka wuƙaƙen tsagarsu kana wasawa. Kak Esah, wato Yaya Esah, ba ta taɓa zuwa ta tafi ba ta tsokane ka ba.

"Mai girma Kakaki," in ji ta, "ina neman izinin a wasa tawa kafin ta Mak Limah."

Kai kuma ba ka ɗago kai, sai ka ce, "An ƙi. Mai ƙudurin ba ta zo da kofi ba."

A majalisa kuwa ba ka taɓa nuna ka san ni ba. Puan Kalsom kake kirana, wato Malama Kalsom, kamar kowa, in na yi kuskure a rubutu ka ja layi da jan biro ka mayar mini ba tare da murmushi ba. Da farko abin ya riƙa sosa mini rai, daga baya na gane kāre ni kake yi daga bakin mutane. 'Yan majalisa na ɓangaren gwamnati da na adawa duk suna jin tsoronka, duk kuma suna son ka. In ka kashe wa mutum lasifika da safe, da rana sai ya ga an kai masa shayi da kunun wake daga ofishinka. Akwai ranar da wani ya yi ta zuba a kan gadar garinsu har zauren ya fara hamma, sai ka ce masa cikin ladabi, "Mai girma ɗan majalisa, gadar nan ta fi kogin tsawo, ga shi kuma azahar ta yi." Shi kansa sai da ya yi dariya.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin na san akwai waɗanda suka raka ka makwancinka da wannan magana a ransu.

Kowa a yankinmu yana tuna shekarar da farashin roba ya zube. Bai faɗi rana ɗaya ba. Ya riƙa sauka ne a hankali, yau sen biyar, kwabon kuɗinmu ke nan, wani mako sen goma, har aka kai mutum ya fita tun duhun asuba da fitila a goshi, ya zaga gonarsa, ya tattara dunƙulen roba mai warin nan ya kai rumfar Tauke Ong mai sikeli, a biya shi a farashin da kilo ɗaya ba zai sayi kofin shayi a rumfar kasuwa ba. Kak Esah tana da 'yar gonar da mijinta ya bari, da ita take ciyar da kanta da jikoki biyu. Na je gidanta wata Asabar na tarar rogo suke ci da gishiri, ta ce wai yaran ne suke marmari. Masu injin katako kuwa sun fara zagaya ƙauyuka suna taya bishiyoyi, domin itacen roba yana kujeru da tebura. Wanda ya sare gonarsa ya sami kuɗi a hannu na 'yan watanni, amma sabon dashe sai ya shekara shida ko bakwai kafin a sa masa wuƙa, kuma babu bazawarar da za ta iya wannan jira.

Abin da mutane suke so bai fi a yi maganar a majalisa ba, a gaban babban ministan jiha, ya miƙe da bakinsa ya faɗi abin da zai yi. Sun ga an taɓa yin haka ga masunta a shekarar da guguwa ta farfasa jiragensu, kuma bayan muhawarar an fitar musu da tallafi. Wani matashin ɗan adawa, Ridzuan bin Hamat, shi ya ɗauki maganar.

Dokar zamanmu ta yarda ɗan majalisa ya nemi a ajiye aikin ranar a tattauna wani abu na gaggawa, amma da sharaɗi. Sai ya rubuta wa kakaki tun kafin ranar. Sai kakaki ya gamsu cewa abin takamaimai ne, ya shafi jama'a, kuma ba zai iya jiran wata dama ba. In kakaki ya gamsu, sai ya tambayi zauren. In babu mai ja, a yi muhawara ta sa'a guda. In wani ya ja, to sai 'yan majalisa goma sun miƙe tsaye a wurarensu don mara wa mai ƙudurin baya. 'Yan adawa a lokacin su tara ne.

Ridzuan ya kawo na farko, yana neman a tattauna halin da manoma suke ciki. Ka karanta ka ce abin ya shafi jama'a, amma ba takamaimai ba ne, domin halin manoma ya haɗa da shinkafa da kwakwa da taki da hanya. Ka ƙi. Ya sake kawowa bayan mako guda, wannan karon a kan farashin roba kaɗai. Ka ce takamaimai ne, ya kuma shafi jama'a, amma farashin tun bara yake sauka, kuma zaman kasafin kuɗi yana nan tafe inda za a iya tayar da shi, don haka bai cika sharaɗin gaggawa ba. Ka ƙi. Ni na rubuta maganganun nan da hannuna, kuma na san daidai suke da doka. Amma na san yadda suka sauka a kunnen wanda yake cin rogo da gishiri: an ce masa tunda ya daɗe yana shan wahala, wahalarsa ba ta gaggawa ba ce.

A ƙarshen wannan makon Kak Esah ta same ka a matakalar gida, ba ta zo da wuƙa ba.

"Pak Su, wai ka ce ba mu da gaggawa?"

"Ba haka na ce ba, Esah."

"To sai mu mutu rana ɗaya mu duka, ko doka za ta gan mu? Faɗa mana ranar, mu shirya likkafani."

Ka ci gaba da juya dutsen washi a hannunka. Mak Su ce ta leƙo ta ce mata ta shigo ta sha kofi, Kak Esah ta ce ta ƙoshi.

Ranar Litinin na shiga ofishinka da rubutun zaman da ya gabata don ka duba, na tarar ka sa an kira Ridzuan. Yana tsaye, fuskarsa a murtuke, ya ƙi zama. Na juya zan fita ka ce in tsaya, domin ba ka son a ce kun gana a ɓoye.

Ka ce masa, "Kai yaro, yaushe rabonka da rumfar mai sikeli?"

Ya ce, "Mai girma Kakaki, ina da alƙaluman duka a takarda."

"Ban tambaye ka takarda ba. Takalman nan naka sun taɓa taka inda ake awon roba? Da gani ba su san wari ba. Je ka, ka sha shayi da Tauke Ong, ka tambaye shi lafiyar sikelinsa."

Iyakar abin da ka faɗa masa ke nan, ni shaida ce. Ridzuan ya tafi yana ƙunƙuni. Da ya je sai ya tarar da abin da ba ya cikin alƙalumansa: masana'antar da ke karɓar robar yankin ta sanar cewa ba za ta ƙara saye ba daga ƙarshen wata, kuma masu sikeli na gundumomi uku sun yanke shawarar rufe rumfunansu a ranar. Ga marka ta kusa sauka, lokacin da ruwa ke wanke tsaga, babu mai iya aiki wata biyu ko fiye. Waɗannan 'yan makonni su ne na ƙarshe da mai roba yake tara abin da zai ci a damina. Wannan abu ne guda, mai rana, wanda ba zai jira kasafin kuɗi ba. A kansa Ridzuan ya rubuta ƙuduri na uku.

Ranar da za a karanta shi, mutanen ƙauyuka suka yi hayar mota suka zo. Benen baƙi ya cika da mata masu mayafai da tsofaffi masu hannuwan da roba ta baƙanta. Kak Esah tana layin gaba, da rigar da take zuwa biki da ita. Ka shigo bayan mai ɗaukar sandar majalisa, aka yi addu'a, aka gama tambayoyi. Sannan ka ɗauki takardar Ridzuan, ka karanta ta a hankali, ka ce ka duba sharuɗɗan uku kuma ka gamsu sun cika. Na ji numfashin da mutanen bene suka sauke. A ɓangaren gwamnati kuwa fuskoki suka canza, domin babu wanda ya zaci mutumin da jam'iyyarsu ta ɗora a kujera zai buɗe wannan ƙofa.

Ka tambayi zauren, nan take wani daga layin ministoci ya ce bai yarda ba. Ka ce to masu goyon baya su miƙe. Su tara suka miƙe. Akawun majalisa ya tashi ya fara ƙirga. A can layin baya na ɓangaren gwamnati akwai Ustaz Bakri, dattijo mai sanyin hali, wanda mazaɓarsa ta can saman kogi duk gonakin roba ce. Bai cika magana a zauren ba. Na ga ya dafa tebur da hannu biyu, ya fara ɗagowa. Ya rabu da kujera, amma bai gama miƙewa ba.

Sai zauren ya kaure. Na kusa da shi suka juyo suna ihu, "Zauna, Bakri! Ka haukace ne?" Wani ya kama gefen rigarsa yana ja. Wani yana buga tebur yana kiransa maci amana. 'Yan adawa su ma suka ɗauki ihu daga nasu ɓangaren, "Miƙe, Ustaz, miƙe!" Dattijon yana nan a sunkuye tsakanin zama da tsayuwa. Pak Su, na ji ka sau da dama kana cewa a yi tsit, a saki rigar ɗan majalisa, amma muryarka ta nutse. Akawu ya tsaya da ƙirga yana kallonka.

A majalisa akwai ƙa'idar da kowane sabon ɗan majalisa yake koya tun ranar rantsuwa: in kakaki ya miƙe tsaye, duk wanda yake tsaye sai ya zauna ya yi shiru, ko da yana tsakiyar jimla. Ita ce makamin ƙarshe na kakaki in rikici ya fi ƙarfin murya. Kai ka fi kowa tsare ta, ka hore su a kanta shekara da shekaru har ta shiga jikinsu, ba sa ma tunani.

Ka miƙe.

Zauren ya yi tsit kamar an yanke wuta. Mai jan riga ya saki. Masu ihu suka rufe baki. Su tara ɗin nan suka zauna a tare, har da Ridzuan. Ustaz Bakri ma ya koma kujerarsa.

Daga inda nake ina ganin fuskarka daga ƙasa, kusa fiye da kowa a zauren. Lokacin da ka miƙe, idonka yana kan hannun da ke jan rigar Ustaz Bakri, kuma fushi ne a fuskarka. Da ka juyo ka ga babu ko mutum ɗaya a tsaye sai kai, na ga jini ya bar fuskar. Ka buɗe baki ka rufe. Wannan shi ne abin da na gani. Zuciyarka kuwa Allah ne ya san ta, amma na yi shekaru ina kallon fuskokin masu shirya abu da gangan a zauren nan, kuma ba haka suke yi ba.

Ka zauna, ka ce za ka sake tambaya, kuma duk wanda ya taɓa wani ɗan majalisa za a fitar da shi. Ka ce masu goyon baya su miƙe. Su tara suka miƙe. Ustaz Bakri ya sunkuyar da kai yana kallon tafukan hannunsa. A wannan ɗan shirun da aka yi ya sami damar ganin idanun da ke kansa, kuma ƙarfin halin da ya tara ya tsiyaye. Ka jira fiye da yadda aka saba, har akawu ya dube ka. Sannan ka ce adadin bai cika ba, ƙudurin ya faɗi, a ci gaba da aikin rana.

Daga bene sai muryar Kak Esah, "Pak Su! Kai ka zaunar da su! Muna gani!"

Doka ba ta yarda baƙo ya yi magana a zauren ba. Ba ka ɗaga kai ka dube ta ba, ka ce wa dogarin majalisa a fitar da baƙuwar. Ni kuma na rubuta, domin an faɗa.

Ban sani ba ko muhawarar sa'a guda da ta canza wani abu. Ba a kaɗa ƙuri'a a irinta, magana ce kawai, kuma farashin roba ba a jiharmu ake yanka shi ba. Mai yiwuwa da an fitar da tallafi kamar na masunta, mai yiwuwa da an yi alkawari an manta. Abin da na sani shi ne, a ƙarshen wata sikeli ya rufe, marka ta sauka, kuma kafin ta ɗauke Kak Esah ta kira masu injin katako. Na je ranar da suka gama. Gonar da jikokinta suke wasa a inuwarta ta zama fili mai kututture, rana tana dukan ƙasar da ba ta saba da ita ba. Yanzu yayata tana wanke kwanuka a wata rumfar abinci a bakin babban titi, tana kuma fama da ciwon baya. Ba ita kaɗai ba ce, gonaki da yawa sun tafi a wannan damina.

Kai kuma ka rasa ta kowane gefe. 'Yan jam'iyyarka suka ce da gangan ka karɓi ƙudurin don ka kunyata gwamnati, kuma kafin zama na gaba aka sanar cewa ka nemi hutu saboda lafiya. Mutanen ƙauye suka ce da gangan ka miƙe don ka kashe shi, wai karɓar da ka yi tun farko wasan kwaikwayo ne. Ka koma Paya Tembusu ka zauna. A masallaci ana amsa maka sallama, amma ba a matsa maka a sahu yadda aka saba. Matakalar gidanka ta zama babu kowa ranar Asabar. Kak Esah kuwa, gidanta da naka ba su fi tafiyar 'yan mintuna ba, amma shekara huɗu ba ta taka ƙofarka ba, ko da sallah.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye ka. Muna zaune Mak Su tana ɓare mana 'ya'yan itacen rambutan, na ce, "Pak Su, me ya sa ba za ka tara su ka faɗa musu yadda aka yi ba? Ni ma zan faɗi abin da na gani."

Ka ce, "In ce musu me, Mek Som? Na yi nufin alheri? Tauke Ong yana awon nufi?"

Na ce ai aƙalla za su san ba ha'inci ba ne.

Ka ce, "In na wanke kaina, a kan wa dattin zai koma? A kan Bakri. Shi a tsakiyar masu roba yake kwana, 'ya'yansa mata a can suke aure. Ni na tsufa, zan iya ɗauka." Sannan ka ƙara da cewa, "Shekara nawa ina koya musu in na miƙe su zauna. Su sun riƙe karatu. Ni malamin ne na manta."

Ka hana ni faɗa, na kuwa yi shiru. Ustaz Bakri ya riga ka rasuwa da shekara guda, Allah ya jiƙansa, ka kuma sa an ɗauke ka a mota har saman kogi ka yi masa salla. Na tambayi Mak Su da Fauzi kafin in rubuta wannan, suka ce in rubuta. Ba na ɗora wa Ustaz laifi. Na ga yadda aka yi masa, kuma ban san ko ni da zan iya miƙewa ba.

Ranar jana'izarka mutane sun zo, har da waɗanda suka daɗe ba su gaishe ka ba. Ridzuan ya zo, ya kama makara. Kafin a ɗaga ka daga tsakar gida, Fauzi ya tsaya kamar yadda muka saba, ya roƙi duk wanda mahaifinsa ya ɓata wa rai ya yafe masa. Jama'a suka amsa. Kak Esah tana tsaye kusa da ni a cikin mata, na kasa kunne, ban ji bakinta ya motsa ba.

Ranar addu'ar uku muna bayan gida ni da ita, muna yanka albasa da ganyen pandan mai ƙamshi don abincin baƙi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Som, ke kina ƙasan kujerarsa. Tsakaninki da Allah, da gangan ya yi?"

Na faɗa mata duka, tun daga aiken da ka yi wa Ridzuan zuwa rumfar Tauke Ong, har hannun da ya ja riga, har fuskarka, har abin da ka ce game da Ustaz Bakri. Ta ajiye wuƙa.

"Shi ya tura yaron?"

Na ce shi ne.

"Kai, tsohon nan," in ji ta. "Tsohon nan mai taurin kai. Da ya faɗa mini, ai da na zage shi kwana biyu na huce. Shekara huɗu, Som. Kullum ina wucewa ta bayan masallaci don kada in gan shi a matakala."

Ta share ido da gefen mayafi ta ce albasa ce. Sannan ta wanke hannu, ta shiga ɗakin da Mak Su take zaune cikin mata, ta durƙusa ta kama hannunta. Ban bi ta ba, amma daga ƙofa na ji ta ce, "Mak Su, ranar nan Fauzi ya yi tambaya ban amsa ba. Na yafe masa. Ni kuma wa zan roƙa?" Mak Su ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗarta.

Pak Su, na so a ce ka ji wannan da kunnenka. Allah bai nufa ba.

Ya Allah, bawanka Derahman ɗan Che Soh ya zo gare Ka. Kai ne ka san abin da ke ransa lokacin da ya miƙe, kuma Kai ne ka san abin da ya ɗauka a shirunsa. Ka gafarta masa kurakuransa na sarari da na ɓoye, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka sanya marayun da ya riƙe da zawarawan da ya taimaka su zama nauyi a mizaninsa, Ka haɗa shi da iyayensa da mahaifinmu a gidan aminci.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mak Su Hajah Sepiah, da Fauzi da 'yan'uwansa, da jikoki, da mutanen Paya Tembusu baki ɗaya, waɗanda suka yi fushi da shi da waɗanda ba su yi ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Allah ya dubi masu tsagar roba da har yanzu suke fita da fitila a goshi, ya sa albarka a abin da suke samu. Allah ya sanyaya zuciyar yayata Esah, wadda tun ranar nan take biyawa maƙabarta da safe kafin ta wuce wurin aiki. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya sa mun yafi juna tun ana iya ji.